Fomika Riga Ce, Ku Tambayi Abin Da Ke Ƙarƙashinta

 

Tun daga watan Nuwamban 2024, lokacin da Gwamna Uba Sani ya zo Birnin Gwari aka sake buɗe kasuwar shanu bayan ta yi shekaru a rufe, abubuwa suka fara motsi a garin nan. Wasu daga cikin waɗanda suka yi gudun hijira zuwa Kaduna da Funtuwa da Zariya sun fara dawowa suna buɗe gidajensu. Abin da suke tararwa kuwa mun sani: rufi ya yi yoyo, gara ta cinye ƙofofi, kabad ɗin kicin ya ruɓe. Bukukuwan da aka yi ta ɗagawa su ma yanzu ake yin su. Saboda haka kafinta ya samu aiki, kuma kusan kowane gida akwai mai shirin yin sif ko kabad.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan batu shi ne yadda muka lura da tambayar da muke fara yi idan mun je wurin kafinta. Wace kala ce ake yayi? Mai ƙyalli ko marar ƙyalli? Mu kuwa ra'ayinmu shi ne kala ce ya kamata ta zo a ƙarshe. Duk wanda ya fara da ita, akwai yiwuwar ya biya kuɗin aiki sau biyu.

Mu ma a gida ta same mu. Da za a aurar da 'yar ƙanwarmu, an je Kaduna aka sayo sif mai ƙofa shida, fari tas, kana ganin fuskarka a jikinsa. Ranar jere mata sai santi suke yi. Damina ɗaya aka yi, gindinsa ya kumbura kamar burodin da aka tsoma a shayi. Ƙofa biyu suka zube, domin sukurun da ke riƙe da hinji ba su da sauran abin kamawa. Da aka koma wurin mai kayan sai ya ce ai ruwa ne ya taɓa shi. Gaskiya ya faɗa, ruwan mopin ne da danshin bango. Amma mu ma da laifinmu, don a cikin duk waɗanda suka je sayayyar babu wanda ya ce a nuna masa cikin allon.

To mece ce fomikar ma? Sunan kamfani ne ya bi kayan, kamar yadda muke kiran kowane garin sabulu Omo. Injiniyoyi biyu, Daniel O'Conor da Herbert Faber, su suka kafa kamfanin Formica a birnin Cincinnati na Amurka a 1913, kuma da farko don kayan wutar lantarki suka yi shi, daga baya ya koma kan tebura da kabad. Takardu ne ake jiƙawa da wani irin gam, a jera su, a ɗora mai zane a sama, a danne da zafi da matsi mai ƙarfi har su zama falle guda mai tauri. Kaurinsa bai cika wuce milimita 1 ba. Wannan zanen katakon da muke gani a jiki, hoto ne aka buga a takarda.

Iri uku ne ke yawo a kasuwa, kuma duk fomika muke ce musu. Akwai falle mai tauri wanda kafinta ke shafa wa gam ya manna a kan allo, shi ne ya fi jure karce da zafi. Akwai allon da ke zuwa daga masana'anta da fuskarsa a manne, wanda shi ne akasarin kafintocinmu ke aiki da shi yanzu, kuma ba shi da laifi ga sif da ƙofofin kabad. Sai na uku, wata siririyar leda ko takarda da ake liƙawa, wadda farce ma yana ɗaye ta. Ita ce ke kan mafi yawan kayan ɗakin da ake sayarwa da araha. A ɗakin baje kaya, ƙarƙashin fitila, dukkansu ukun kyansu ɗaya.

Ko wacce ce a cikinsu, riga ce kawai. Abin da ke ɗaukar nauyin atamfofi da tukwane, ya riƙe sukuru, ya yi fama da danshi, shi ne allon da ke ciki. Mafi rauni shi ne wanda aka yi da ɓarɓashin katako, in ka duba bakinsa za ka ga kamar dusa aka dunƙule. Shi ne ya ci mu a sif ɗin da muka ba ku labari. Sai MDF, wanda aka niƙe katakon ya yi laushi sannan aka matse, bakinsa sumul yake, yana da kyau a busasshen wuri amma in ya sha ruwa ya kumbura ba ya komawa. HDF ɗan uwansa ne da aka fi matsewa. Sai filawud, wanda siraran fallayen katako ne aka jera a gicciye, ya fi su riƙe sukuru. A cikin filawud kuma akwai wanda kafintoci ke kira marin bod, wanda gam ɗinsa ba ya sakin jiki a ruwa.

A nan sai mun yi hattara, domin sunan HDF ya zama sunan talla. Kusan kowane allo mai fuska za a ce maka HDF ne. Maganin wannan ba gardama ba ce. Ka roƙi guntun allon da za a yi maka aiki da shi, ka je gida ka jefa shi a bokitin ruwa ya kwana. Da safe ka duba bakinsa. Ka ɗaura sukuru a gefensa, ka kwance, ka sake ɗaurawa, ka ga ko zai kama. Wannan gwajin ba ya cin ko sisi, kuma kafinta mai gaskiya ba zai ji haushi ba.

Sai mu dubi inda muke zaune. Ƙasarmu ba Sakkwato ba ce, muna samun ruwa sosai daga wajen watan Mayu har Oktoba, bango ya jiƙe, ɗaki ya yi danshi. Daga nan hunturu ya zo ya busar da komai ƙayau. Wanda ke da ƙofar katako ya san yadda take cijewa a watan Agusta, ta kuma saki har ana leƙe ta tsaga a Janairu. Allon masana'anta ya fi katako zama daram a wannan canjin, da sharaɗin ruwa bai samu hanyar shiga cikinsa ba. Hanyarsa kuwa baki ce. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Fuskar fomika ba ta shan ruwa, amma duk inda zarto ya bi ya bar allon a buɗe. Shi ya sa tef ɗin da ake liƙawa a baki ya fi kala muhimmanci nesa ba kusa ba. Kafintoci da yawa suna liƙa shi a inda ido ke gani kawai, su bar na ƙasa da na baya tsirara, alhali nan ne ruwan yake. Mu dage a rufe kowane baki, har wanda ba mai ganinsa, da inda aka huda don famfo.

Gara ma ta nan take shiga. Ba ta cin fomika, amma tana bi ta baya ko ta gindi ta cinye cikin ta bar maka rigar a tsaye, sai ranar da ka jingina ka ji hannunka ya burma. Gidan da ya yi shekaru a kulle, kafin a kawo ko allo ɗaya a fara gyara rufi, a toshe yoyo, a yi feshin gara, a bar bango ya bushe. Sif ya hau ƙafafu ko ɗan dakalin siminti na kamar santimita 10, a kuma bar 'yar tazara tsakaninsa da bango don iska ta ratsa.

Batun kicin kuma, a nan ne muka fi yaudarar kanmu da hotunan waya. Kicin ɗin da muke gani a Instagram ba a tuƙa tuwon mutum ashirin a cikinsa. Namu kuwa tukunya na yin awa biyu a kan wuta tana tururi, ana suya da manja da man gyaɗa, ana jajjage, yara na shiga da fita, in an gama a kwarara ruwa a ƙasa a share. Don haka shawararmu ga kabad na ƙasa ita ce a gina gindinsa da bulo da siminti, a sa tayil, a ɗora dutsen giranit ko tayil a sama inda ake ajiye tukunya, sannan kafinta ya sa ƙofofi da durowa kawai. Ƙarƙashin wurin wanke-wanke kuwa marin bod ko alminiyam, ban da MDF ko da kyauta aka ba ka. Kabad na sama, da yake ruwa ba ya kai masa, allo mai fuska ya wadatar, amma a nisanta shi da saman murhu. Fomika mai kyau tana jure ɗumi, sai dai tukunyar da aka sauke yanzu daga wuta tana iya ƙona ta ko ta ɗaga gam ɗin, kuma tabon ƙuna ba ya gyaruwa.

Akwai abu biyu da suka shafi rai, ba kuɗi kaɗai ba. Na farko tukunyar gas. Don a ɓoye ta kicin ya yi kyau, wasu na kulle ta cikin kabad marar ƙofar iska. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya ya taru, ƙyastu ɗaya ya isa. A ajiye ta a waje a jawo tiyo, in kuwa dole sai a ciki to a bar mata wurin shan iska ta ƙasa. Na biyu kaskon turaren wuta. Iyayenmu mata da ƙannenmu, mun san ana sa kasko cikin sif a rufe don kaya su kama ƙamshi. Garwashi ne a cikin akwatin katako da gam da atamfa. A turara kayan a waje sannan a jera.

Wanda ya taɓa shiga ɗakin amarya da aka cika da sababbin kaya ya san wani wari mai yaji da ke sa ido hawaye. Yawancinsa sinadarin fomaldihaid ne da ke fita daga gam ɗin da aka haɗa allon da shi, kuma zafi na ƙara fitarsa. Cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi cikin abubuwan da ke haddasa cutar daji tun 2004. Ba muna cewa sif zai kashe kowa ba, amma in akwai allo mai alamar E1, wato wanda fitar sinadarinsa kaɗan ne, shi ya fi. A buɗe tagogi da ƙofofin sif ɗin na wasu kwanaki kafin amarya ta tare, musamman in akwai mai asma. Rufe bakin allo da tef yana rage warin ma. 'Yan uwanmu kafintoci, ku riƙa sa takunkumi lokacin yanka MDF, ƙurarsa ta fi ta katako laushi. Guntayen kuma kada a ba mata su hura wuta da su, hayaƙin gam ne zai bi abinci da ƙirji.

Yanzu sai a zo kan kala. Mai ƙyalli kamar madubi tana nuna shatin kowane yatsa da kowane karce, gidan da ke da yara ba za a huta da goge-goge ba. Baƙa da ruwan ƙasa mai duhu, in hunturu ya kama, kafin azahar ƙura ta rubuta sunanta a kai. Mai gurza-gurza a jiki tana riƙe maiƙo a kicin. Abin da muka ga ya fi zama lafiya shi ne marar ƙyalli mai santsi, kala tsaka-tsaki, ruwan toka ko ruwan madara ko zanen katako mai haske. Kuma a zaɓi wadda ake samu a kasuwa ko da yaushe, don ranar da ƙofa ɗaya ta lalace a samu irinta.

Mun san abin da wasu dattawanmu za su ce: duk wannan wahalar ta mece ce, mu da muke bakin daji? A samo madobiya ko maɗaci ko kawo a yi abin da jika zai gada. Ba mu raina wannan magana ba. Akwai gadaje da akwatunan kakanninmu da har yau suna nan garau, babu allon masana'antar da zai yi wannan shekarun. Amma mu tambayi kanmu daga ina itacen zai fito.

Dajin Kamuku an keɓe shi tun 1936 a zamanin En'e, aka ɗaga shi ya zama gandun daji na ƙasa a 1999. Faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 1,120, yana haɗe da dajin Kuyambana na Zamfara, kogin Mariga ne a tsakaninsu. Doka da maje da kawo da taura da ke cikinsa, su ke riƙe ƙasa da rafukan da muke noma a bakinsu. Mun kuma ga abin da ya samu madobiya a Afirka ta Yamma. Da kasuwar Sin ta buɗe mata baki, aka yi ta sara ana lodawa a kwantena, har a 2016 taron yarjejeniyar CITES da aka yi a Johannesburg ya sanya ta cikin itatuwan da ba a fitar da su sai da izini na musamman, a 2018 kuma aka dakatar da fitar da ita daga Najeriya. A taron Panama na 2022 maɗaci da kawo su ma suka shiga wannan jerin. A nan gida, a 2021 gwamnatin Kaduna ta hana saran itatuwa don kasuwanci a ƙananan hukumomi bakwai, har da tamu, saboda matsalar tsaro.

Hanyar da ta buɗe wa manomi da ɗan kasuwa, ita ce kuma ta buɗe wa injin yankan katako. Maɗacin da zai ba da faffaɗan katakon ƙofar sif ya girmi wanda zai sare shi, injin kuwa kafin a sha ruwa ya kwantar da shi. In kowane gida da ake gyarawa da kowace amarya da za a kai sai an kayar mata da irin wannan itace, to dajin da ya tsira daga shekarun tashin hankali zaman lafiya ne zai cinye shi. Mu masu saye mu ne ke aika mai injin, ko da ba mu taɓa taka dajin ba.

Ba za mu ɓoye aibin ɗaya ɓangaren ba. Allon nan shi ma daga itace aka yi shi a wata ƙasa, akasarinsa shigo da shi ake yi, farashinsa na bin dala, kuma kowa ya ga yadda ya tashi tun da aka saki naira a watan Yunin 2023. Ba a fere shi a sake shafa masa fenti kamar katako, in ya mutu ya mutu. Sannan masu yankan katako 'yan uwanmu ne, da wannan sana'ar suke ciyar da iyali, ba za a ce su bari kawai a tashi ba. Abin da muke gani mafita shi ne a raba aiki. Inda ake buƙatar ƙarfin katako, kamar firam da ƙafafu, a nemi itacen da aka shuka don a sare, irin malaina da tik, wanda a jihar nan ma akwai gandunsa a Nimbiya ta kudancin Kaduna. Tsofaffin ƙofofi da gadajen da ke jibge a zaure a fere su a sake aiki da su, sun riga sun bushe, sun fi sabon yanka. Faffaɗan wurare kuma, ƙofofi da gefuna da kantoci, a bar wa allo da fomika. Mai gona kuma ya sa malaina a kan iyaka, cikin 'yan shekaru shi ma ya zama mai sayar da katako ba tare da ya shiga daji ba.

Saura maganar mu da kafinta. Yawancin rigimar da ake yi, daga ciniki take farawa. Mu matse shi har sai ya karɓi kuɗin da mu da shi duk mun san ba za su sayi allo mai kyau ba, shi kuma don kada aiki ya wuce shi ya ce to, ya je ya rage a inda ba ma gani. Araha ba ta ado. Gara a zauna a rubuta a takarda: wane allo ne, kaurinsa milimita 18 ne ko ƙasa da haka, me za a sa a baya, wane irin hinji da layin durowa, tef a kowane baki, da ranar gamawa. In da hali a tafi tare a sayo kayan, ko a Panteka ta Kaduna ko a 'Yan Katako ta Kano, a biya shi ladan hannunsa daban kuma a biya da kyau. Kuɗin a raba shi uku, na ƙarshe sai an kafa an buɗe kowace ƙofa an rufe. Kuma a yanka a haɗa a nan gida ya fi a ɗoro haɗaɗɗen sif a mota tun daga Kaduna ta Buruku da Udawa. Kafin ya iso girgizar hanya ta sassauta rabin sukurunsa. Yin haka kuma yana bar wa matasanmu masu koyon sana'a aiki a gari.

Iyayen amare, ku ne kuka fi ɗaukar wannan nauyi, kuma mun san tsoron gori ne ke sa a ciwo bashi a cika ɗaki. Masu santin ranar jere kwana ɗaya za su yi su watse, yarinyar ce za ta zauna da kayan. Sif mai ƙofa uku na allon kirki, a kan ƙafafunsa, bakinsa a rufe, ya fi mai ƙofa shida da zai zube kafin a yi suna. In kuɗin bai kai a yi kicin gaba ɗaya ba, a gina gindin bana, a sa ƙofofi baɗi, babu abin kunya a ciki.

Kafintocin da ke cikinmu, in akwai inda muka kauce ku gyara mana, ku kuka fi mu sanin hannun aikin. Wanda kuma ya yi gwajin bokitin nan, ya zo ya faɗa mana abin da ya gani da safe.

Allah Ya ɗorar mana da zaman lafiya, Ya sa waɗanda suka dawo gidajensu su zauna cikin aminci, Ya ba amarenmu zaman lafiya a ɗakunansu. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.